Yadda Aka Ƙera Amon Makaɗan Filadelfiya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san inda izga take gardama. Ana jan ta a kan tsirkiya, sauti na tafiya sumul, sai ta ƙure, dole hannu ya juya ya komo. A daidai wurin juyin nan sautin yakan ɗan yanke, ko da na ƙiftawar ido ne. Gwani yana rufe yankewar har kunne ya sha wuya kafin ya kama ta, amma tana nan. To a ɗauki wannan 'yar matsala a raba wa mutum sittin, kowa da izgarsa, kuma al'ada ta ce duk su juya hannu tare. Abin da makaɗan birnin Filadelfiya na Amurka suka yi da matsalar nan, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, shi ya sa har yau in ana zancen okestira mai garɗin sauti, sunansu ake fara kawowa.

Ga wanda bai saba ba, okestirar simfoni ƙungiya ce ta makaɗa kusan ɗari da ke bin rubutaccen kiɗa ƙarƙashin madugu guda, simfoni kuwa dogon kiɗa ne mai sassa da ake rubuta wa irin wannan ƙungiya. Fiye da rabinsu masu kayan tsirkiya ne, dangin goge na Turawa. A cikakken tsari za a samu masu biyolin na sahun farko 16, na sahu na biyu 14, masu biyola 12, masu celo 10, masu bas 8. A bayansu akwai masu busa ta katako, wato sarewa da obo da kilarinet da basun, sai masu busa ta tagulla, 'yan uwan kakaki, sai masu ganguna can ƙurya. A Amurka an daɗe ana ware guda biyar a ce su ne manya: ta Niyok da ta faro a 1842, ta Bostan a 1881, ta Shikago a 1891, ta Filadelfiya a 1900, da ta Cleveland a 1918. An san Shikago da ƙarfin tagulla, an san Cleveland da tsantsar daidaito. Filadelfiya kuwa da tsirkiya aka san ta, sauti mai kauri da ɗumi wanda ba a jin inda aka yi masa mahaɗi.

Wasanta na farko ta yi shi ran 16 ga Nuwamba 1900, ƙarƙashin wani Bajamushe, Fritz Scheel. Ya riƙe ta har rasuwarsa a 1907, wani Bajamushen, Carl Pohlig, ya karɓa zuwa 1912. A waɗannan shekaru goma sha biyu ƙungiyar gari ce mai rufin asiri, ba wanda ke tasowa daga nesa don jin ta.

Zauren da take wasa a ciki shi ne wurin da ya kamata a fara dubawa. Academy of Music, a kan titin Broad, an buɗe shi a 1857, kuma don opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa, aka gina shi, irin na Italiya: benaye a zagaye kamar kofaton doki, kujeru masu laushi, labule, ga wani dogon sarari a saman dandamali inda ake rataye kayan ado na wasa. Duk waɗannan abubuwa shanye sauti suke yi. Masana sauti suna auna zaure da tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu bayan an daina kiɗa. A zauruka irin na Biyana ta ƙasar Ostiriya da Bostan, waɗanda aka gina su kamar dogon akwati, amo yana kai kusan sakan biyu yana yawo. A Academy ba ya kai sakan ɗaya da rabi. Ga mai rera opera wannan alheri ne, domin kalmominsa za su fito tar. Ga masu tsirkiya kuwa azaba ce. A Biyana in ka ɗaga izga, ɗakin zai riƙe maka sautin har ka fara na gaba. A Filadelfiya in ka ɗaga, shiru ne zai biyo baya nan take, kowa ya ji ramin. Don haka dole makaɗi ya yi da hannunsa aikin da gini ya ƙi yi masa.

Wanda ya mayar da wannan larura ta zama salo shi ne Leopold Stokowski, haifaffen Landan a 1882, wanda ya zo daga Cincinnati a 1912 yana ɗan shekara talatin. Asalin sana'arsa kaɗa ogan a coci, kuma wannan yana da muhimmanci. Ogan ba ya numfashi, ba ya juya hannu. Muddin yatsa na kan maɓalli, iska na shiga bututu, sauti na nan daram. Kunnen Stokowski da irin wannan sauti ya saba, shi ya nema daga mutum ɗari.

Dabararsa ta farko ita ce sakin izga. A al'ada, shugaban masu biyolin yakan zauna da fensir ya sa alama a takarda: nan a ja ƙasa, nan a tura sama. Ma'aikatan ɗakin ajiyar takardu su kwafe alamun a takardar kowane teburi, duk sahun ya motsa kamar mutum guda. Yana da kyaun gani, amma yankewar mutum goma sha shida takan faɗo wuri ɗaya. Stokowski ya ce kowa ya juya inda hannunsa ya ga dama, muddin bai juya tare da na kusa da shi ba. Sai ya zama lokacin da wannan ke juyawa, wancan yana tsakiyar jansa, ya rufe masa. Layin kiɗa ya koma kamar zare ɗaya da ba a ƙulla ba. Haka ya yi wa masu busa: in biyu suna riƙe da dogon sauti, kada su shaƙi iska tare. Mai algaita yana warware wannan matsala shi kaɗai, ya tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci. Stokowski ya raba aikin ne tsakanin mutane.

Sakin izga kaɗai ba ya kawo kauri. Abu uku ne ke hannun mai biyolin na dama: saurin jan izga, nauyin da ya ɗora mata, da wurin da take taɓa tsirkiya. In ya matso kusa da jaki, wato ɗan itacen da ke tokare tsirkiyoyi, sauti yakan yi ƙarfi da haske, amma wurin yana son nauyi da ja a hankali. Ya yi sauri a can, sai sautin ya zama fito. Ya danna fiye da kima ba tare da gudu ba, sai ya shaƙe ya koma ƙarar ƙofa. In ya ja baya wajen wuyan biyolin, sauti ya yi laushi, amma ba ya ɗaukar nauyi. Makaɗan Filadelfiya sun koyi cin izga tun daga gindi har ƙarshe, da nauyin da ke saukowa daga kafaɗa maimakon matsin yatsa, kuma ba sa barin sauti ya yi sanyi kafin lokacinsa ya cika. A hannun hagu, karkarwar yatsa ba ta tsayawa tsakanin sauti da sauti. Sau da yawa kuma sukan hau can sama a kan tsirkiya mai kauri su fitar da sautin da za a iya samu cikin sauƙi a kan siririya, saboda mai kaurin ta fi duhu da garɗi. Ya fi wuya, kuma kuskuren yatsa ya fi kusa, amma amon daban ne.

Dabarar tana da farashinta, kuma bai kamata a ɓoye ba. Jan izga ƙasa ya fi tura ta sama nauyi, don hannu yana kusa da gindi. Mawallafa irin su Haydn da Mozart sun gina jimlolinsu a kan wannan bambanci, kamar yadda magana ke da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. In kowa ya juya inda ya so, wannan lafazi ya goge, kiɗan da ya kamata ya yi taku sai ya yi ta malala. Haka nan wurin da ake son duka su faɗo a kan sauti ɗaya kamar saran gatari, sakin izga yakan sa bakin ya dakushe. Shi ya sa kusan babu okestirar da ke bin tsarin a ko'ina cikin kiɗa yau. Ana amfani da shi a kan dogayen sautuka, madugu ya ce a juya a rarrabe, sannan a koma tare.

Ya kuma sauya wurin zama. A tsohon tsarin Turai, biyolin na farko suna hagun madugu, na biyu suna damansa, suna fuskantar juna. Matsalar ita ce fuskar biyolin, inda ramukan sauti suke, takan kalli jama'a in mutum yana hagu, amma ta kalli bangon baya in yana dama. Stokowski ya tattara sahu biyun a hagu, ya kai celo dama. Mutum talatin suka zama curi ɗaya, suna jin juna, kayansu duk na kallon zaure. Ba shi kaɗai ya yi tunanin ba, madugu Henry Wood ma ya yi haka a Landan, amma daga Filadelfiya tsarin ya bazu a Amurka. Abin da aka rasa shi ne amsa-amon da Beethoven da Mahler suka rubuta da gangan, inda hagu ke jefa jimla dama ta cafe. Shi ya sa madugai da yawa a yau suka koma tsohon zama. Shi kansa bai tsaya nan ba, har ya taɓa jawo masu busa gaba ya tura masu tsirkiya baya, abin bai karɓu ba. A ƙarshen shekarun 1920 ya ajiye sandar madugu ya koma nuni da tafin hannu da yatsu.

Masu cewa zauren ne ya haifi amon suna da gaskiya, amma rabinta. Scheel da Pohlig ma a zauren suka yi aiki. Abin da ya bambanta shi ne mutanen da aka ɗauko da kuma yadda aka riƙe su. A 1915 Stokowski ya kawo Bafaranshe Marcel Tabuteau ya zama shugaban masu obo, a 1921 ya kawo William Kincaid kan sarewa. Obo ƙanwar algaita ce, ana busa ta ta wani ɗan harshen kara mai ruɓi biyu, kuma ita ke ba duk okestira sautin da za a daidaita kaya a kai kafin a fara. Ƙwararren mai obo galibi da hannunsa yake fere harshensa. Ana tsaga karan, a rarake cikinsa har kaurinsa ya dawo wajen kashi shida cikin goma na milimita, a naɗe shi biyu, a ɗaure da zare a kan ɗan bututun ƙarfe, a yanke baki, tsawon duka ya tsaya wajen milimita 70. Daga nan sai kankara da wuƙa, har bakin ya fi takarda siranta. A kankare da yawa, sautin ya faɗi ƙasa ya yi ta rawa. A bar shi da kauri, leɓe ya gaji kafin rabin wasa. Harshe mai kyau kwanaki kaɗan yake yi, sauyin damshin iska kuma yakan ɓata shi cikin dare ɗaya. A Faransa gajeriyar kankara ake yi a baki kawai, sauti ya fito siriri mai haske. Tabuteau ya tsawaita kankarar har kusa da zare, ya bar ƙashin baya a tsakiya, ya sami sauti mai duhu da ke narkewa cikin tsirkiyoyin Stokowski maimakon ya huda su. Wannan fira ita ce ake yi a kusan duk Amurka yanzu.

A 1924 Mary Louise Curtis Bok ta kafa makarantar kiɗa ta Curtis, 'yar tafiya kaɗan daga Academy, kuma tun 1928 ba a biyan kuɗin karatu a cikinta. Shugabannin sassan okestira su ne malamai. Tabuteau yakan sa wa sautukan jimla lambobi, ɗalibi ya san wanne ke hawa, wanne ne ƙololuwa, wanne ke sauka, don kada ya bar tafiyar kiɗa a hannun sa'a. Ya riƙe kujerarsa har 1954, ɗalibinsa John de Lancie ya gaje shi zuwa 1977, ɗalibin de Lancie, Richard Woodhams, ya riƙe zuwa 2018. Mutum uku a kujera ɗaya cikin shekara 103, kowa ya sha daga hannun na gabansa. Wasu ɗaliban Tabuteau sun riƙe irin wannan kujera a Niyok da Bostan da Cleveland. Daga Curtis ɗin ne kuma Edna Phillips ta fito a 1930 ta zama mace ta farko a ƙungiyar.

Suna kuwa ya fara fita ne a watan Maris 1916, lokacin da Stokowski ya gabatar da simfoni na takwas na Mahler karon farko a Amurka, da makaɗa da mawaƙa sama da 1,000 a kan dandamalin da sai da aka faɗaɗa shi. An yi wasan sau tara a gida, aka kwashi kowa zuwa Niyok. Daga nan attajiran gari suka gane suna da abin alfahari, aka fara tara asusun da za a riƙa cin ribarsa, irin tsarin waƙafi.

Amma abin da ya kai amon gidajen da ba su taɓa ganin Filadelfiya ba shi ne faifai. Kamfanin Victor yana Camden, tsallaken kogin Delaware kawai. A Oktoba 1917 suka yi ɗaukar farko. A lokacin babu makirfo: makaɗa su cunkushe gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautin kansa ya girgiza allura ta yi zane a kan kakin zuma. Sautuka masu zurfi ba sa shiga, shi ya sa ɗakunan ɗauka kan sa tuba, babbar abin busa ta tagulla, ta taimaki bas, kuma fuska ɗaya ta faifai minti huɗu da 'yan kai take ci. A 1925 su ne okestirar farko da aka ɗauka da makirfo da lantarki. Stokowski ya shiga harkar injiniyoyi da gaske, yana tambaya, yana taɓa na'ura. Ran 27 ga Afrilu 1933 injiniyoyin kamfanin tarho na Bell suka aika kiɗansu ta wayar tarho daga Academy zuwa Constitution Hall a Washinton, fiye da kilomita 200, ta layi uku zuwa lasifika uku, yadda mai sauraro zai ji hagu da tsakiya da dama. Wani ne ya tsaya gaban makaɗa ran nan. Stokowski yana Washinton yana murɗa maɓallan ƙarfin sauti. A 1940 fim ɗin Fantasia na Disney ya fito, kuma yawancin kiɗansa su suka yi. Wani abin lura: daga baya kamfanonin faifai sun riƙa kwashe su zuwa wasu gine-gine masu amsa-kuwwa a cikin gari don ɗauka. Salon da aka ƙera don busasshen ɗaki, in aka kai shi ɗaki mai amo, sai ya ninka. Da yawan abin da duniya ta sani a faifai ya fi abin da mai tikiti ke ji a Academy kauri.

Eugene Ormandy, haifaffen Budapest a 1899, ya zo a 1936, ya yi shekara biyu suna raba aiki da Stokowski, sannan ya zauna har 1980. Shekara 44. Shi mai biyolin ne tun yana yaro, don haka ta hannun dama yake tunanin sauti. Ya mayar da juyin izga tare, amma ya riƙe nauyin da riƙon sauti har ƙarshe, kuma ba ya jin nauyin taɓa takardar mawallafi ya ƙara wa wani layi mutane in ya ga bai cika ba. Masu suka sun ce komai a hannunsa kala ɗaya yake fitowa. A kan Mozart da Bach, zargin yana da tushe. A kan Sibelius da Tchaikovsky da Rachmaninoff kuwa, ina ganin an zalunce shi, kuma mawallafan da kansu shaida ne. Rachmaninoff a hannun wannan ƙungiya ya fara jin manyan ayyukansa na ƙarshe, a 1927 da 1934 da 1936, na ƙarshen kuma a Janairu 1941 ya sadaukar da shi ga Ormandy da makaɗansa. A 1959 Shostakovich yana zaune a wurin aka yi ɗaukar farko ta kiɗansa na celo da okestira, Rostropovich na riƙe da celo. Ormandy kuma gwani ne wajen rakiyar mai kiɗan kaɗaici, aikin da ke bukatar madugu ya ji numfashin mutum ɗaya ya juya mutum ɗari su bi shi.

A Satumba 1973, shekara guda da rabi bayan ziyarar da shugaban Amurka Nixon ya kai Sin, suka zama okestirar Amurka ta farko da ta shiga Jamhuriyar Jama'ar Sin, wasa shida a Bejin da Shanghai. An yi wata 'yar tangarɗa da ke nuna yadda aikin yake. Sun shirya simfoni na biyar na Beethoven, sai hukuma ta ce na shida take so, bisa bukatar Jiang Qing, matar Mao. Ba su zo da takardunsa ba, dole aka aro na makaɗan Sin, masu ɗauke da alamun izgar wasu mutane. Ga ƙungiyar da amonta ke zaune a kan fensirin shekaru, wannan kamar a ba direba motar da bai san birkinta ba ne. Sun yi wasan, kuma alaƙarsu da Sin tana nan har yau.

Riccardo Muti, daga 1980 zuwa 1992, ya zo da ra'ayin cewa kowane mawallafi da nasa sauti, ya rage kitsen, ya ƙara kaifi, ya dawo da bin takarda sau da ƙafa. Tsofaffin masu sauraro sun yi gunaguni, amma gyaran ya zo a kan kari. Wolfgang Sawallisch, 1993 zuwa 2003, ya mayar da ɗumin ba tare da ya zubar da tsabtar ba. A zamaninsa ne kasuwar faifai ta karye, kamfanin EMI ya janye a 1996, makaɗa suka yi yajin aiki na kwana 64 a shekarar.

A Disamba 2001 suka bar Academy suka koma sabon zaure a cibiyar Kimmel, mai kujeru 2,500, an yi masa siffar celo an lulluɓe shi da jan katako. A gefensa akwai ɗakunan amo masu ƙofofi: a buɗe, sauti ya shiga ya daɗe, a rufe, ya gajarta. A sama akwai rufi mai hawa da sauka. A takarda komai ya yi, amma da aka fara wasa sai ƙorafi ya taso cewa sautin ba ya isa wasu kujeru da ƙarfi, makaɗa kuma ba sa jin juna yadda suke so. Shekaru aka yi ana gyara. Su ma makaɗan sai da suka sake koyon hannu, domin nauyin da ke cika busasshen ɗaki yakan iya cushe mai amo. Ga kuma kuɗin haya da ya hau kansu, alhali Academy mallakarsu ce tun 1957.

Nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma ruwa ba ya tsami banza. A Amurka gwamnati ba ta ɗaukar nauyin okestira kamar a Jamus. Kuɗin tikiti ba ya kai rabin abin da ake kashewa, sauran daga kyautar masu hali da ribar asusu yake fitowa. Tun 1966 masana tattalin arziki William Baumol da William Bowen suka bayyana ciwon: masana'anta na iya rage ma'aikata ta ƙara kaya, amma simfonin Beethoven yawan mutanen da ya ci da mintocin da ya ci shekara ɗari biyu da suka wuce, su yake ci yau, albashi kuwa yana hawa. Bayan tafiyar Christoph Eschenbach, magajin Sawallisch, a 2008 aka yi shekara huɗu ba cikakken darektan kiɗa, Charles Dutoit na riƙon ƙwarya. Rikicin kuɗi na 2008 ya cinye ribar asusu, masu sayen tikitin shekara suka ragu, bashin fansho ya taru. Ran 16 ga Afrilu 2011 hukumar ƙungiyar ta nemi kariyar kotu daga masu bin bashi, karo na farko da babbar okestirar Amurka ta yi haka. Makaɗa sun yi adawa, suna nuni da asusun kimanin dala miliyan 140. Hukuma ta ce masu bayarwa sun ɗaure kuɗin, riba kawai ake taɓawa. An fita a Yuli 2012 bayan an rage albashi da wajen kashi 15 cikin ɗari, an sauya tsarin fansho, an rage kujeru daga 105 zuwa 95. Kujera goma ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da sunanta ya dogara da kaurin tsirkiya, kuma haɗarin da ya fi shi ne gwanaye su tafi inda aka fi biya, su tafi da abin da ke hannunsu.

Yannick Nézet-Séguin, ɗan Montreal da aka haifa a 1975, ya karɓa a 2012, kuma ya rungumi tsohon amon a fili. Abin da na fi yaba masa shi ne inda ya juya shi. Florence Price ita ce baƙar mace ta farko da babbar okestirar Amurka ta kaɗa simfoninta, a Shikago a 1933, daga baya aka manta da ita, har sai da aka tsinci tarin takardunta a wani gidan da aka yi watsi da shi a jihar Illinois a 2009. Faifan simfoninta na ɗaya da na uku da Filadelfiya ta yi ya ci kyautar Grammy a 2022. Sun kuma dawo da simfonin wani baƙar fatan mawallafi, William Dawson, wanda Stokowski ya fara gabatarwa da wannan ƙungiya a Nuwamba 1934. Dawson ya zo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1950, ya saurari kiɗanmu, ya koma ya sake gyara tafiyar gangunansa. A Yuni 2024 aka sa wa zaurensu na Kimmel sunan Marian Anderson, mawaƙiyar da aka haifa a Filadelfiya, wadda a 1939 aka hana ta rera waƙa a Constitution Hall saboda launin fatarta, zauren nan dai da aka aika wa kiɗan okestirar ta waya shekara shida kafin nan. Ta yi waƙarta a fili gaban ginin tunawa da Lincoln, mutum 75,000 na tsaye.

Yau in kujera ta faɗi, masu nema kan zo daga ƙasashe da yawa. Ana gwajin ne a bayan labule, a shimfiɗa darduma don kada takun takalmi ya nuna mace ce ko namiji, kowa ya kaɗa 'yan guntayen wurare masu wuya na minti kaɗan, kwamitin makaɗa ya jefa ƙuri'a. Tsarin ya fi na da adalci nesa ba kusa ba, amma yana da illa ɗaya: wanda ya ci zai iya zama bai taɓa zama gaban malamin Filadelfiya ba, kuma kunnensa da faifan duniya duka ya tashi. Shi ya sa ake ba shi lokacin gwaji kafin a tabbatar da shi. Masu tsirkiya biyu-biyu suke zama a teburi ɗaya, na ciki, wato wanda ya fi nesa da masu sauraro, ne ke juya shafi. Bita huɗu a mako, kowacce wajen awa biyu da rabi, sai wasa uku ko huɗu. A nan sabon zai lura cewa na kusa da shi bai saki sautin ba tukuna a wurin da shi ya saba saki, kuma izgarsa ta kai can ƙarshe alhali tasa tana tsakiya. Washegari sai ya ƙara ja.